Shirme Iri Uku: Darasi a Kan Finafinan da Muke Yi wa Dariya

Barkanmu da sake haɗuwa a allon Ƙungiyar 'Yan Jarida. Darasinmu na wannan karon ya shafi wani abu da kowa ya sani amma ba a cika zama a yi nazarinsa ba, wato finafinan da ake kallo saboda shirmen da ke cikinsu. Kun san irinsu. Akta ya yi harbi sau hamsin bai sake ɗura harsashi ba. Bos ya faɗo daga bene mai hawa goma, ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Aljani ya ɓace ɓat, sai ga akuyar da ke kiwo a bayansa ita ma ta ɓace. A gidajen kallo na Samaru da Sabon Gari, da wurin masu tura fim a waya a nan Hanwa, irin waɗannan finafinai ba sa kwantai. Mutum yana kallo yana cewa wannan ai shirme ne, gobe kuma ka gan shi ya koma.

Abin da darasin ke son nunawa shi ne, kalmar shirme da muke yi wa finafinai kuɗin goro da ita ta ƙunshi abubuwa uku mabambanta. Ɗalibin da bai iya rarrabe su ba zai riƙa raina aikin da ya cancanci yabo, ya kuma riƙa yabon wanda ke buƙatar gyara. Wanda ya iya rarrabe su kuwa ya samu makamin nazari da zai amfane shi har a zauren jarrabawa.

GABATARWA: FINAFINAN 'YAN GANI-KASHE-NI

A Turai da Amurka akwai wani rukunin finafinai da suka faɗi warwas a kasuwa lokacin da suka fito, masana suka kushe su, amma daga baya suka samu wasu 'yan tsirarun masoya da ba sa gajiya da kallonsu. Masoyan sukan haddace maganganun fim ɗin, su taru a gidan sinima da tsakar dare, suna amsa wa jarumai magana kamar 'yan amshi. Da Hausa muna iya kiran su finafinan 'yan gani-kashe-ni.

Abin har ya kai ana ba da kyauta a kansa. Tun 1981 wani Ba'amurke, John Wilson, ya ƙirƙiro kyautar Golden Raspberry a birnin Los Anjalis, wadda ake ba fim da jaruman da suka fi kowa kwafsawa a shekara. An yi bikin farko a falon gidansa. A 2005 jaruma Halle Berry ta je da ƙafarta ta karɓi tata kyautar saboda fim ɗin Catwoman, tana riƙe da kyautar Oscar da ta taɓa ci a ɗaya hannun. Ke nan su ma masu abin sun san tafka shirme ba gadon wata ƙasa ɗaya ba ne.

ME KE SA MU DARIYA?

Masana sun kawo dalilai da dama, amma uku sun fi shafar darasinmu.

Na farko shi ne saɓanin tsammani. Ƙwaƙwalwa ta saba da yadda abubuwa ke gudana, idan aka saɓa mata ba zato sai dariya ta kufce. A nan akwai abin lura. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai yi dariya ba don ya hango lasifikar ɗaukar magana ta leƙo ta saman hoto, domin bai san bai kamata ta leƙo ba. Kai da ka yi dariya, dariyarka shaida ce cewa ka san ƙa'idar fim, ko da ba wanda ya taɓa zaunar da kai ya koya maka.

Na biyu shi ne jin fifiko. Masanin falsafar Ingila, Thomas Hobbes, ya bayyana tun a 1651 cewa mutum kan yi dariya idan ya ji kwatsam ya fi wani. Mai kallo yana jin cewa da shi ne da bai yi wannan kuskure ba. Wannan ita ce dariyar da ke da haɗari, kuma za mu dawo kanta.

Na uku shi ne taro. Masanin Faransa Henri Bergson ya yi rubutu a kan dariya a 1900, inda ya nuna cewa ita 'yar jama'a ce. Gwada kallon fim mai shirme kai kaɗai a ɗaki, minti ashirin ya ishe ka. Kalle shi a gidan kallo inda wani ke jefo magana daga bencin baya, sai an kashe janareta za ka tashi.

IRI NA FARKO: SHIRMEN GANGAN

Wannan shi ne wanda mai fim ya shirya da saninsa. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin ya girmi kyamara nesa ba kusa ba. A lokacin tashe, idan azumi ya kai kwana goma, yaro zai liƙa gemun auduga ya dogara sanda yana tafiyar tsofaffi. Ba wanda ke cewa gemun bai yi kama da na gaske ba. Ai ganin audugar ne ma abin dariyar. Haka 'yan kama da wawan sarki suka daɗe suna yi, a fake da wauta a faɗi gaskiyar da mai hankali ba zai iya faɗa ba.

Da aka fara finafinan bidiyo na Hausa da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, wannan al'ada ta biyo su. Daga cikinta aka samu finafinan barkwanci da ake kira camama, kuma sarkinsu shi ne marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta sani da Ibro. An haife shi a 1971, ya yi aikin gandiroba na wasu shekaru kafin ya rungumi wasan kwaikwayo, ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014. Allah ya jiƙansa.

Dubi sunayen wasu finafinansa: Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Police, Ibro Aloko. Salonsa shi ne ya ɗauko abin da duniya ke magana a kai, ya sa masa kayan gida. A Ibro Usama, wanda ya fito a 2002, an kwaikwayi yaƙin Afganistan da shugabannin duniya a dajin ƙasar Hausa, da kayan da ba su ɓoye cewa na wasa ne ba. Wanda ya kalli wannan ya ce ai mai fitowa a shugaban Amurka bai yi kama da shi ba, ya zama kamar mai ƙorafi a kan gemun auduga. Ibro da takwarorinsa irin su Ciroki da Daushe da Bosho sun san abin da suke yi. Sanin lokacin da za a jefa magana, da lokacin da za a yi shiru a zaro ido, ƙwarewa ce da ake shekaru ana koyo.

Kuma wasan bai zo musu a banza ba. Ibro Usama ya jawo ce-ce-ku-ce a lokacinsa. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu bisa tuhumar da ta shafi fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari, amma wannan karon ba a matsayin ma'aikaci ba.

Alamar wannan iri ita ce, mai fim na dariya, mai kallo na dariya, a wuri ɗaya.

IRI NA BIYU: SHIRMEN KUSKURE

A nan mai fim da gaske yake yi. Yana son ya tsorata ka ko ya sa ka kuka, sai ka ɓuge da dariya. Wannan iri shi ne ya fi tara 'yan gani-kashe-ni.

Misalin da aka fi ambata shi ne Plan 9 from Outer Space na darakta Ed Wood, wanda aka ɗauka a Amurka a 1956. Labarin wasu halittu ne daga sararin samaniya da ke tayar da matattu. Jiragen halittun na lilo a jikin zare. Alamomin kaburbura na kwali ne, ana ganin suna rawa idan an taɓa su. A fitowa ɗaya sai dare ya koma rana, rana ta koma dare. Babban abin mamaki, shahararren jarumi Bela Lugosi ya mutu kafin a fara aikin. Sai Wood ya ɗauko wasu 'yan hotuna da ya taɓa yi masa, sauran wuraren kuma ya sa wani mutum da ya fi marigayin tsayi, ya ce ya riƙa rufe fuska da alkyabba. A 1980, shekara biyu bayan mutuwar Wood, wani littafi ya ayyana fim ɗin a matsayin mafi muni a tarihi. Daga nan kasuwarsa ta buɗe. A 1994 aka yi fim a kan rayuwar Wood ɗin kansa, wanda ya ci kyautar Oscar biyu.

Misali na biyu shi ne The Room, wanda ya fito a 2003. Mutum ɗaya, Tommy Wiseau, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya zuba kuɗi, shi ne kuma jarumi. An kashe kimanin dala miliyan 6. A mako biyu da ya yi a sinima bai tara dala 2,000 ba. Labarin soyayya da cin amana ne, amma cike yake da zaren da ba a ƙulle ba. Wata tsohuwa ta sanar da 'yarta cewa likita ya tabbatar tana da ciwon daji, kuma har fim ya ƙare ba a sake ta da maganar ba. A falon jarumin an ajiye hotunan cokula cikin firam, ba tare da wani dalili ba. Yau masoyan fim ɗin kan je sinima da cokulan roba, duk lokacin da hoton cokali ya bayyana sai su yi ta jifa da su.

Indiya ma, wadda muka fi sabawa da finafinanta tun da Kwarori suka fara kawo su sinimomin Arewa a shekarun 1950, tana da nata. A Gunda na 1998, wanda Mithun Chakraborty ya ja, kusan kowane mugu da ƙafiya yake magana kamar mai waƙe, kuma a faɗan ƙarshe rundunar miyagu a cikin Keke Napep bila adadin take isowa. Shekaru bayan fitowarsa ɗaliban jami'o'in Indiya suka mai da shi abin so.

Alamar wannan iri ita ce, mai kallo na dariya, mai fim kuwa fuskarsa a murtuke.

IRI NA UKU: SHIRMEN RASHIN HALI

Wannan shi ne wanda aka fi yi wa rashin adalci. Mai fim yana da basira, ya san abin da yake so, aljihunsa ne bai kai ba. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

A 1982 wasu masu fim a Turkiyya suka so yin labarin yaƙin sararin samaniya. Da yake ba su da halin ƙera jirage, sai suka yanko hotuna daga fim ɗin Star Wars na Amurka ba tare da izini ba, suka haska su a bayan jaruminsu Cüneyt Arkın yana sanye da hular kwano. Ma'anar sunan fim ɗin ita ce Mutumin da Ya Ceci Duniya.

Mu ma a nan gida an yi makamancin haka. A 2003 darakta Farouk Ashu-Brown ya fitar da Masoyiyata, inda ya sake shirya labarin Titanic da Hausa. Ainihin Titanic na 1997 ya ci kimanin dala miliyan 200. Mai fim ɗin Hausa ba shi da teku balle jirgi, sai ya aro hotunan jirgin daga ainihin fim ɗin ya sarƙa su da fitowar jarumansa. Wani masani Bajamushe, Matthias Krings, ya yi nazarin wannan fim a littafinsa na 2015. Haka Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana nazarin yadda finafinan Hausa ke aro daga na waje su mai da abin nasu. Abin da muke wucewa muna yi wa dariya, wasu digiri suke yi a kansa. Sai dai a kula, yankar aikin wani ba da izininsa ba ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka. Muna yaba dabarar ne, ba mu ce a kwaikwayi aron ba.

Gagarabadan wannan iri yana Yuganda. A unguwar talakawa ta Wakaliga a birnin Kamfala, wani tsohon mai buga bulo, Isaac Nabwana, ya shirya Who Killed Captain Alex? a 2010 da kuɗin da bai kai dala 200 ba. Ya harhaɗa kwamfutarsa da kansa daga tsofaffin sassa. An ƙera bindigogi da tarkacen ƙarfe da katako. Jirgi mai saukar ungulu da ke ragargaza gine-gine zanen kwamfuta ne da ko makaho ya shafa zai gane. Jaruman da kansu suke bin gida-gida da kayan wasansu suna sayar da faifan, cikin gaggawa, kafin masu satar fasaha su riga su. Duk da haka faɗan da ke ciki na gaske ne, domin jaruman sun yi shekaru suna koyon wasan Kamfu, kuma labarin ba ya tsayawa ya ba ka damar hamma. A 2016 wani fim ɗinsa, Bad Black, ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a wani bikin finafinai a Jihar Tekzas ta Amurka, a 2019 kuma aka nuna aikinsa a babban bikin finafinai na Toronto.

Yanzu ku ɗauki biro. Raba dala 6,000,000 da dala 200. Amsar ita ce 30,000. Wato da kuɗin The Room kaɗai, Nabwana zai iya yin fim dubu talatin. Wanda ya kashe miliyoyin ya manta da ciwon tsohuwar da ya ambata da bakinsa. Wanda ya kashe ɗari biyu ya riƙe mai kallo daga farko har ƙarshe. Saboda haka rashin kuɗi daban, rashin kula daban.

Ba sai mun je Yuganda ba kafin mu ga haka. A cikin Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru, akwai dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da jar ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, bisa fasalin gidan Bahaushe. Gwanayen wasan kwaikwayo da yawa a ƙasar nan a tsakanin waɗannan bangayen laka suka koyi aikinsu.

MATSAYIN MAI FASSARA

Akwai wani mutum da ke iya ɗaukar fim daga wani rukuni ya kai shi wani, shi ne mai fassara. A Yuganda ana ɗora wa fim muryar wani mai sharhi da ke fassarawa yana zuba barkwanci, kuma rabin daɗin Captain Alex daga bakin mai sharhinsa, VJ Emmie, yake fitowa. Mu kuma muna da Indiya-Hausa, wadda kamfanoni irin su Algaita da ke Kano suka shahara da ita.

Da yawa daga finafinan da ake fassarawa na Kudancin Indiya ne, da harsunan Telugu da Tamil, inda aka saba nuna jarumi ya naushi mutum ɗaya goma su tashi sama. Su masu fim ɗin a matsayin jarumta suka shirya hakan. Amma idan mai fassara ya sa wa bos sunan unguwa, ya sa a bakinsa karin maganar 'yan tasha, sai faɗan ya koma wasan dariya. Fim ɗaya ya zama biyu, wanda aka ɗauka a Haidarabad da wanda aka ji a Kano. Wannan ma tsohuwar ɗabi'a ce, domin tun zamanin sinima iyayenmu suka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi.

Darasin da ke nan ga mai nazarin harshe shi ne, fassara iri biyu ce, mai bin ma'ana sau da ƙafa da mai 'yanci. Ta biyun ta fi daɗi a gidan kallo. Amma wanda ya kai ta takardar jarrabawar fassara zai ga jan biro.

YADDA AKE YIN SIDDABARUN

Domin dariyarmu ta zama ta masu sani, ga sirrin wasu dabaru.

Ɓacewar aljani: ana tsayar da kyamara, jarumi ya fice daga wurin, a ci gaba da ɗauka. Idan aka haɗa hotunan sai a ga ya ɓace. Wani Bafaranshe, Georges Méliès, ya shahara da wannan dabara tun 1896. Sharaɗinta shi ne kada komai ya motsa tsakanin ɗauka biyun. Idan kyamara ta gusa, ko gajimare ya rufe rana, ko akuya ta wuce, asiri ya tonu. Ke nan akuyar da ta ɓace tare da aljani ba rashin kuɗi ba ce, rashin haƙurin korar ta ne.

Tsalle zuwa kan soro: a tsofaffin finafinan Caina jarumi dirowa yake yi daga sama da baya, sai a juya hoton a nuna shi daga ƙarshe zuwa farko. Wani lokaci kuma da siririyar waya ake ɗaga shi. Ku lura da ƙura da gefen riga, idan suna tafiya ta inda bai kamata ba, an juya hoton ne.

Tashi a sararin sama: ana ɗaukar jarumi a gaban koren ƙyalle, sai kwamfuta ta cire duk abin da yake kore ta sa wani hoto a madadinsa. Idan haske bai daidaita a kan ƙyallen ba, za ka ga koren layi ya zagaye jikinsa. Idan kuwa ya sa koriyar hula, kansa ne zai yi rami.

Sauyawar kaya: ba a ɗaukar fim a jere kamar yadda ake kallonsa. Shigar jarumi zaure ana iya ɗaukarta ranar Litinin, fitowarsa tsakar gida ranar Alhamis. Shi ya sa ake ajiye mutum guda da littafi, yana rubuta launin hula da hannun da agogo yake. Inda ba a ajiye shi ba, sai mutum ya shiga da zanna bukar ya fito da dara.

IYAKAR DARIYA

Ga gargaɗi uku.

Na ɗaya, a yi wa aiki dariya, kada a yi wa halitta ko asali. Wasu finafinan barkwanci kan dogara da kwaikwayon Hausar Bagwari ko Bafulatani ko Bayarabe ko Ibo, ko kuma su mai da mai lalura abin wasa. Sabon Gari tun zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20 matattarar ƙabilu ce, Samaru kuwa jami'a ta tara mata mutanen ƙasa duka. A ajinmu ɗaya akwai 'ya'yan dukkan waɗannan. Bahaushe yana da wasan barkwanci mai ƙa'ida, kamar wanda ke tsakaninmu Zazzagawa da Kanawa, inda kowa ke da damar ramawa kuma a rabu ana dariya. Idan ɗaya na dariya ɗaya ya sunkuyar da kai, an fita daga wasa. A nan ne dariyar fifiko da Hobbes ya ambata ke yin ɓarna.

Na biyu, ambaton fim a wannan darasi ba umarnin a je a nemo shi ba ne. Wasu daga cikin na ƙasashen waje da muka lissafa suna ɗauke da zubar da jini da abubuwan da ba su dace da ɗalibi ba. Mun kawo su ne don tarihinsu. A tuntuɓi iyaye ko malamai kafin a kalli abin da ba a sani ba.

Na uku, lokaci. Fim ɗin Indiya ɗaya kan ci awa biyu da rabi zuwa uku. Wanda ke kallon ɗaya kullum ya ba da kusan awa 20 a mako. 'Yan ajin ƙarshe masu fuskantar WAEC da NECO, a bar akta da bos su huta, ba inda za su je.

AMFANIN DARASIN A AJI

A darasin adabi ana tambayarmu jigo, da zubi da tsari, da salo, da taurari. Fim mai kyau yakan ɓoye ɗinkinsa har ba ka ganin inda aka haɗa. Fim mai shirme kuwa kamar riga ce da aka sa a bai-bai, duk ɗinkin a waje yake, don haka ya fi sauƙin koyo. Ciwon tsohuwar da aka manta matsalar zubi da tsari ce. Mugun da ke magana da ƙafiya a tsakiyar faɗa matsalar salo ce. Aktan da harsashi ba ya kama shi matsalar gina tauraro ce, domin wanda ba zai iya faɗuwa ba, nasararsa ba ta taɓa zuciya.

Kuma laifi tudu ne. A wasannin da muke yi ranar bikin ba da kyaututtuka, sau nawa sarki ke fitowa da takalmin makaranta? Sau nawa gawa ke gyara kwanciya? A insha'inmu, sau nawa muke buɗe magana a sakin layi na farko mu manta da ita? Mu ma muna da hotunan cokulanmu.

AIKIN GIDA

1. Kawo fim ɗaya da ka taɓa yi wa dariya, ka faɗi ko shirmensa na gangan ne, ko na kuskure, ko na rashin hali. Kawo hujja biyu.
2. Bayyana bambancin rashin kuɗi da rashin kula, tare da misali ɗaya daga wannan darasi.
3. Idan an ba ka wayar hannu da abokai uku, rubuta matakan da za ka bi ka nuna mutum ya ɓace ba tare da asiri ya tonu ba.
4. Tambayi wani babba a gidanku sunan tsohon fim ɗin Hausa na zamanin kaset da ya fi ba shi dariya, ka rubuta labarinsa a layi goma. Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin kaset da faifai suna lalacewa. Ko ainihin kwafin Captain Alex ya salwanta daga kwamfutar mai shi, abin da duniya ke kallo a yau daga faifai aka kwafo shi. Abin da ba a rubuta ba, wata rana sai dai a ji a bakin tsofaffi.

A jefa amsoshi a akwatin ƙungiya kafin ranar Juma'a, tare da suna da aji. Za mu liƙa uku da suka fi kyau a fitowa ta gaba. Muna roƙon malamanmu na Hausa da na Turanci su taimaka mana da dubawa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu ci jarrabawa, amin.